Yadda Rakiya Ta Tayar da Alhaji Bawa Daga Gado

Ku ajiye wayoyin nan, ku matso kusa. An ce mini jiya an aiki biyu daga cikinku su tayar da mutumin gado na huɗu su zaga da shi, sai kuka tsaya kuna tura juna, wai ku allura kuka zo koyo da sa ruwa, ba yawo da tsoho ba. Ɗaya har tana cewa wannan aikin masu shara ne. Ba na son sanin wace ce, amma na ga wadda ta sunkuyar da kai. To ni Hadiza, shekara talatin da ɗaya na yi cikin fararen kaya a garin nan na Yelwa kafin in ajiye, mafi yawansu a ɗakin maza masu tiyata. In kun tambaye ni aikin da ya fi ba ni wuya, ba allura ba ce. Allura wata ɗaya ya ishe ku, ku huda mutum, ya yi ihu, ya gode. Tayar da mutum daga gado bayan an yi masa aiki, shi ne ya tsufar da ni.

Bari in faɗa muku dalili da Hausa, tunda na littafi kun haddace kun mance. Jini kamar kunu yake, in ana juya shi yana gudu, in aka ajiye shi sai ya kama jikinsa. Mai ciwon daji kuwa dama jininsa ya fi na kowa saurin daskarewa, ciwon ne ke sa shi haka. Sai kuma a zo a yi masa aiki, jiki ya ƙara ɗaura ɗamarar tsayar da jini. Sannan a shimfiɗe shi kan gado kwana da kwanaki, ƙafa ba motsi. Nan ne gudan jini ke ƙulluwa cikin jijiyar sha-raɓa, shiru, ba ya sallama. Ranar da ya ga dama ya ɓalle, ya bi jijiya ya je ya toshe huhu. Likita ya yi awa biyar a tsaye yana aiki mai kyau, gudan da bai kai ɗan yatsa ba ya rushe shi kafin a gungaro tukunyar iskar numfashi.

Shekarata ta biyu da fara aiki aka kawo mana wani tela, Malam Isa, aka cire masa ciwo a ciki. Aiki ya yi kyau ƙwarai. Iyalinsa mutanen kirki ne, ko cokali ba su bar shi ya ɗaga ba, juyi ma su ke juya shi. Ni kuma sabuwar nas, hula a tsaye, ina son a ce ina da tausayi, sai na ɗauko matashi na cusa masa ƙarƙashin gwiwa don ya ji daɗi. Da ya ce ƙafar hagu na yi masa tsami, matarsa ta zauna tana yi masa tausa da man kaɗe, ni ina wucewa ina yi mata sannu da ƙoƙari. Kwana na tara aka sallame shi. Ya sa riga, ya gyara hula, ya miƙe, ya dafe ƙirji ya ce iska ba ta shiga. Bai kai ƙofa ba.

Metiron ɗinmu ta lokacin, wato shugabar nas-nas, wata doguwa daga wajen Zuru, ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ja ni zuwa gadon, ta ɗaga matashin, ta ce wa ya sa wannan. Na ce ni. Ta ce wa ya taɓa tayar da shi ya taka ƙasa. Na ce babu. Ta ciro tef irin na teloli daga aljihunta ta rataya mini a wuya, ta ce daga yau kowace safiya in auna sha-raɓar duk wanda aka yi wa aiki, dama da hagu, in rubuta. Shekarar nan ba ta yi mana daɗi ba, don kafin damina ta fita mun sake rasa wani ta wannan hanya. Na yi kuka a kan Malam Isa. Na faɗa muku sau ɗaya, ba zan maimaita ba.

Daga nan kayan aikina suka zama abin dariya. Wasu na rataye da abin sauraren ƙirji, ni ina rataye da tef, har masu jinya na tambayata ko ina karɓar ɗinki. Sai biro, don wurin da kika auna jiya nan za ki auna yau, ki ɗiga alama a fata, in ba haka ba ƙarya kike rubutawa. Akwai farar safar nan mai matsi, wadda ba a ba mutum sai an auna shi, ba a kuma yarda ta naɗe. Akwai allurar tsinka jini da likita ke rubutawa, ita lokacinta ba a ɗaga shi. Mutum ko yana kwance sai na sa shi yana ɗaga tafin ƙafa yana saukewa, ina ce masa taka keken ɗinki. Duk waɗannan taimako ne kawai. Babban maganin shi ne mutum ya tashi ya yi tafiya, kuma a ƙasar nan tamu, ku yarda da ni, duk duniya ta haɗa kai don kada mara lafiya ya tashi.

Wanda ya koya mini haka sosai shi ne Alhaji Bawa, wani babban masunci daga wani ƙauye na bakin ruwa can wajen Wara, mai jirage huɗu. Ƙato ne, baƙi, murya kamar yana kiran wani a tsallaken gulbi. Ciwon daji ne a hanjinsa, ya rame har wuyan rigarsa na lilo. Ranar da za a shirya shi na je da tef zan auna masa safa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ke ɗiyar wa ta garin ga?”

Na ce, “Ɗiyar mahauci.”

Ya ce, “Inna lillahi! An kawo kifi hannun mahauta. Tumba, yi mini addu'a.”

Kun san mu mahauta da masunta abokan wasa ne tun kaka da kakanni, duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a fushi. Wannan wasa shi ya ba ni bakin da zan iya da shi, don in ba haka ba mace kamata ba ta isa ta ɗaga wa Alhaji Bawa murya ba. Na ce masa ya kwantar da hankali, mu ba mu yanka abin da ke ƙarni. Da na zaro safar kuwa ya ce shi ba ya sawa. “In mutanena sunka gan ni da wagga safa har gwiwa, sai su ce Bawa ya shiga ’yan ƙwallo da tsufa.” Sai da na yi alkawarin zan riƙa rufe masa ita da zane sannan ya miƙo ƙafa.

Tumbar da ya kira yayarsa ce, Inna Tumba, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tsohuwa ce ’yar ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba. Ta shimfiɗa tabarma gefen gadon, carbi a hannun dama, mafici a hagu. Matar Alhaji da ’ya’yansa suna waje suna dafa abinci, amma gadon nan na Inna Tumba ne, ƙuda ma sai da izininta yake sauka.

Washegarin aiki na zo da safe, na auna ƙafafu, na duba ɗinki, na ce, “To Alhaji, yau za mu zauna bakin gado, in kai bai juya ba mu ɗan miƙe.”

Inna Tumba ta ajiye mafici. “Mi kinka ce?”

“Zai tashi, Inna.”

“Jiya-jiya anka yanka shi! Ke da kike ɗiyar mahauta, kin taɓa ganin abin da anka yanka ya tashi ya yi tahiya?”

Duk ɗakin aka kwashe da dariya, har wanda ke gado na biyu ya riƙe ciki yana roƙon a bari, ɗinkinsa na ja. Na yi mata bayanin kunu, na yi na jijiya. Ta saurara tsaf ta ce ta ji, amma in ya tashi ɗinki ya ɓalle hanji ya zubo, ni zan kwashe? Ranar dai da ƙyar na samu ya zauna minti biyu, tana tsaye kaina tana salati. Ruwa ma da aka ba shi izinin kurɓa sai ya ƙi, ashe wai don kada fitsari ya kama shi a miƙo masa roba gaban yayarsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa bisa ruwa, ga shi yana gudun kofi ɗaya.

Rana ta biyu na yi dabara. Na aiki Inna Tumba ta samo ruwan zafi can bayan asibiti, inda na san layi ya yi tsawo. Tana fita na ce, “Alhaji, maza.” Shi dama ba rago ba ne. Na zaunar da shi har jiri ya wuce, na ba shi matashi ya rungume kan ɗinkin, na riƙe ledar ruwan da ake ƙara masa. Ya miƙe. Taku ɗaya, biyu, uku, har ya fara murmushi. Sai muka ji daga baranda, “Salamu alaikum!”

Wallahi ban taɓa ganin mai sabon ɗinki ya yi sauri irin na ranar ba. Kafin in juya ya koma gado, ya ja zane har wuya, ya lumshe ido, ya fara nishi. Mutum goma sha suka shigo, ’yan ƙauyensu, suka kewaye shi. Ya ɗaga hannu zai gaisa, suka ce a tare, “A’a, kwanta, kwanta! Kada ka motsa!”

Da suka fita na ce, “Alhaji, wane irin wasa ne wannan?”

Ya ce, “Sista, ke ba ki san mutane ba. Sun baro taru, sun baro gona, sun yi awa uku bisa ruwa don su ga mara lahiya. Su iske ni tsaye ina yawo? Mi za su koma su ce? Ai na kunyata su.”

Kun ji fa. Kuma gaskiyarsa, a wurinsu dubiya sai an iske mutum kwance take cika. Su kuwa ’yan dubiyar nan ba su yankewa. Jirgi na sauke waɗannan, wani na tasowa da waɗancan, daga hantsi har la’asar. Na sa mai gadi ya tsare ƙofa, suka zagayo ta taga suna miƙo gaisuwa da ƙullin busasshen kifi. Kowa ya zo da hukunci ɗaya, kada ya motsa. Ni kaɗai ce a duniya ke son bawan Allah nan ya motsa, har aka fara nuna ni da baki ana cewa ga muguwar nan.

Safiyar rana ta uku na sa tef, hagu ta fi dama. Na sake aunawa, haka dai. Na juya in ɗauko fayil, ina waigowa na ga Inna Tumba ta buɗe gwangwanin man kaɗe, ta lakato, ta kai hannu kan sha-raɓar. Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunta ba. Tsohuwa sa’ar uwata! Ta dube ni, ta dubi hannuna, ta ce, “Yau na ga rashin kunya da hula.”

Na ce, “Inna, ki zage ni har gobe, amma ƙafar da ta kumbura ba a matsa ta. In akwai guda a ciki, hannunki ne zai tura shi ƙirji.”

Da na yaye zanen sai na ga safar ta naɗe ƙasan gwiwa, ta zama zobe ta shaƙe ƙafar. Ashe alwala aka yi masa da asuba, aka kasa mayar da ita daidai, aka bar ta rabi. Likita ya zo ya duba, ya sa na’ura ya leƙa jijiyar, ya ce babu guda, safar ce ta tare jini. Amma ya ja ni gefe ya ce kwana uku ke nan mutumin nan bai yi taku goma ba, ga irin ciwonsa, ga girman aikin, in aka ci gaba haka shi ba ya ba ni tabbacin jibi. Ya faɗa ya wuce abinsa. Su likitoci haka suke, su ajiye miki dutse a ka su tafi shan shayi.

Na zauna kan tabarmar Inna Tumba, abin da ban taɓa yi ba da farin kaya, na ba ta haƙuri, na ba ta labarin tela daga farko har ƙarshe. Ta ce, “Allah ya jiƙan shi. Kwanansa ne ya ƙare.” Ta rufe gwangwanin man ta sa cikin jaka, ta kuma yarda in koya mata sa safa bayan kowace alwala. Amma tafiya, ta ce, sai ɗinki ya kama. Na tashi ban san abin yi ba, kuma ina jin tsoro, don na taɓa ganin inda wannan hanya ke zuwa.

Rana ta huɗu ta faɗo ranar kasuwa, jirage suka cika bakin ruwa. Wajen hantsi sai ga wani tsoho tukuf ya shigo da sanda, ana riƙe da shi. Inna Tumba ta miƙe ta gyara mayafi. Surukin Alhaji ne, mahaifin matarsa, an ɗauko shi tun daga wajen Shanga. Alhaji ya rasa inda zai sa kansa don kunya, yana amsa gaisuwa yana kallon bango. Tsohon ya yi addu’a mai tsawo, aka shafa, ya dogara sanda ya miƙe, ya nufi ƙofa yana jan ƙafa.

Ina tsaye ina kallon bayansa, sai wani abu ya faɗo mini. Ban tsara shi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na juya wajen mutumin gado na biyu, kamar da shi nake, na ɗaga murya yadda har baranda za a ji.

“Ikon Allah! Yau na ga tarbiyyar masunta. Tsohon da ya ba ka ɗiya ya ƙetaro ruwa da sanda, ya gaishe ka, ya tashi zai tafi, kai kana kwance kana ƙirga azara. Ko rakiya babu! Mu mahauta da ake cewa ba mu da ta ido, ko mai sayen ƙashi muna taka mishi zuwa bakin rumfa.”

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya juyo da fuska daga bango, idonsa ya kaɗa. Ya ce, “Tumba, ba ni rigata.”

Inna Tumba ta miƙa masa rigar. Me za ta ce? Ta ce ƙanenta kada ya raka surukinsa, a gaban surukin? Tsohon ya waigo yana cewa, “A’a, a’a, koma ka kwanta, ya isa haka nan.” To amma ai kun sani, duk baƙon da aka raka haka yake cewa, mai gida kuma ba ya komawa sai ya ga dama. Wannan karon “kwanta” ɗin ba ta da ƙarfi, ta zama cikin ladabin rakiya. Na zaunar da shi, na jira jiri ya wuce, na ba shi matashinsa, na ɗauki ledar ruwa. Allah kuma ya taimake ni, tafiyar tsohon da ta Alhaji gudu ɗaya ce. Suna tafe suna nishi tare, wannan da sanda, wannan da matashi, farar safa a fili kowa na gani, bai ko tuna da ita ba. Na ƙirga a zuci, taku goma sha biyu zuwa bakin baranda, goma sha biyu dawowa. Inna Tumba na biye da mu, ta tara hannu biyu ƙarƙashin cikinsa, ko da hanjin zai zubo ta tare.

Ya koma gado yana zufa. Na duba numfashi, na duba ɗinki, na kira ta ta gani da idonta. Ta leƙa, ta daɗe tana leƙe, ta ce, “Hm. Zaren nasu dai mai ƙwari ne.”

Daga ranar na sauya hali gaba ɗaya. Na je wurin mai gadi na ce kada ya sake korar ’yan dubiyar Alhaji, amma ya riƙa shigo da su uku-uku. Ya ce, “Sista, jiya ke kika ce in kore su da sanda.” Na ce jiya ke nan. Jirgi ɗaya mai mutum goma sha biyu ya zama rakiya huɗu, tsakanin kowace in ba shi hutu da kofin ruwa. Ruwan ma yanzu yana sha, tunda yana iya takawa zuwa bayi da ƙafarsa. Tunda an ga ya raka surukinsa, wa kuma zai zo a ƙi raka shi bai ji haushi ba? Mutanen da ke cewa kada ya motsa, su ne yanzu ke jan ƙafa a bakin gado suna jiran ya tashi.

Inna Tumba ba ta ce ta yarda da ni ba, har yau ba ta ce ba. Sai dai ta karɓe aikin ta wata hanya. Ta ce ai rakiya ba ɗaya ba ce, kowa da matsayinsa. Ma’aikatan jirginsa, bakin ƙofar ɗaki. Abokai, ƙarshen baranda. Limamin ƙauye da ya zo rana ta shida, ta ce wannan sai gindin darbejiyar tsakar asibiti. Ni da ke neman yadda zan riƙa ƙara masa nisa kullum, sai ga shi an kawo mini a sauƙaƙe. Abin da ya rage mini shi ne in riƙa ƙara wa baƙi girma. Ranar da nake son ya kai bakin babbar ƙofa, wani mai gyaran injin jirgi ya zo da hula mai kyau, na tare shi a baranda, na shigo da shi ina cewa a ba shi kujera, ga babban baƙo. Mutumin na ta waige yana neman babban baƙon. Inna Tumba ta ƙare masa kallo ta ce, “Wanga ba ɗan Audu mai injin ba ne?” Na ce ai ya girma yanzu. Ta harare ni, amma ta miƙa wa Alhaji takalmi.

Tsakiyar mako baƙi suka yi ƙaranci, an koma kamun kifi. Sai na shiga aro. Duk wanda ya zo duba wani a ɗakin, in ce masa, “Malam, ga wani bawan Allah can, je ka samu ladan gaisuwa.” Mai sayar da albasa ya gaishe shi, mai kawo fura ya gaishe shi, wani da ya ɓata hanya yana neman ɗakin haihuwa ma sai da ya gaishe shi, duk aka raka su. Alhaji ya gane sarai. Ya ce mini, “Ɗiyar mahauta, wanga na ƙarshe ko sunana bai sani ba.” Na ce to a bar shi ya tafi haka nan, a ce masunta na zaɓen wanda suke wa mutunci. Ya yi tsaki ya sauko da ƙafa.

Abin ya bazu. Mutumin gado na biyu ya ga ana raka baƙin maƙwabcinsa, nasa na fita su kaɗai, shi ma ya ce a ba shi matashi. Kafin mako ya cika, in ka shigo da hantsi sai ka ga maza huɗu ko biyar a jere cikin farar safa, kowa rungume da matashi, ana ta “ya isa haka nan” da “a’a, mu ɗan ƙara.” Wata safiya likita ya zo zagaye da ɗalibai irinku a bayansa, ya iske gadaje ba kowa. Ya ce, “Sista, ina marasa lafiyata?” Na ce sun fita rakiya, ya zauna ya jira.

Kada ku ce wasa kawai nake. Kowace safiya tef na kan ƙafarsa, allurarsa ba ta wuce lokaci ba ko sau ɗaya, kuma duk rakiyar da ya yi ina gefensa ina kallon leɓensa da numfashinsa. Rana biyu na hana shi tashi da rana tsaka don jikinsa ya ɗan yi zafi, na ce baƙi su jira la’asar. Sanin lokacin da za ki ce tashi da lokacin da za ki ce zauna, shi ne ake biyan ki don shi.

Kwana goma sha ɗaya aka sallame shi, ƙafafu biyu awo ɗaya. Na koya wa babban ɗansa yadda zai ci gaba da yi masa allura a gida har makonnin da likita ya rubuta su cika. Na ce cikin jirgi kada ya harɗe ƙafa, ya riƙa taka keke, in an kai rabin hanya a raɓa gaci ya sauka ya miƙe. Na koma teburina ina rubutu. Sai na ga inuwa ta rufe mini takarda. Alhaji ne, cikin babbar riga.

“Tashi,” in ji shi.

“Lafiya, Alhaji?”

“Kwana goma sha ɗaya ina gidanki. Baƙonki nike. Ko ku mahauta baki gare ku kawai?”

Duk ɗakin suka sa ihu. Na bar wa abokiyar aikina ɗaki, na bi shi. A ƙarshen baranda na ce to Allah ya kiyaye hanya, ya ce mu ɗan ƙara. A gindin darbejiya ya ce shi ai ya wuce liman. A babbar ƙofa ’ya’yansa sun tsayar da ’yan kabu-kabu, ya ce su ɗauki kaya, shi da ƙafa za shi. Haka muka ratsa ta masu albasa, muka gangara ta masu kifi, rana na dukana, takalmin aiki na cin ɗan yatsana, ina haki. Sau biyu yana tsayawa yana jirana, yana gaya wa mutanen kasuwa wai a yi mini sannu, ba ni da lafiya. Inna Tumba na bayanmu duk hanyar, mafici a hannu.

A bakin ruwa ya taka gangaren nan mai santsi shi kaɗai, ya ɗaga ƙafa ya shiga jirgi ba wanda ya riƙe shi. Ya zauna, ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya irin zaman manya. Kafin in buɗe baki, Inna Tumba ta kai wa gwiwarsa duka da mafici.

“Sauke! Taka keke!”

Aka tayar da inji. Ni kuwa na nemi wani kifaffen kwale-kwale na zauna a kai har numfashina ya dawo.

Ciwon ya dawo masa bayan shekara uku, shi ya tafi da shi, a ɗakinsa, cikin iyalinsa. Wannan ba ni da maganinsa, likita ma ba shi da shi. Amma shekara ukun nan ya yi su, ya ga jikoki biyu, ya sa an sassaƙa masa jirgi na biyar, ya shiga ruwa da shi. Likita ne ya cire ciwon, ba na jayayya. Amma da an bar shi kwance, ba na jin zai ga ranar sallama, balle shekara uku.

Mutumin gado na huɗu shekaranjiya aka yi masa aiki irin na Alhaji Bawa, kuma tun ranar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ke mai sunkuyar da kai, ɗauko matashi.